Asabar da Lahadi a Tawa: abin da akushi ya gaya mini

 Makon jiya ban yi shi a Yamai ba, kuma dalili shi ne wani abokina da muka yi lise tare, ma'aikacin gwamnati, wanda aka tura aiki Tawa shekara biyu ke nan. Tun da ya je bai bar kunnena ya huta ba. A faɗarsa, ba wurin aiki aka kai shi ba, horo aka yi masa: gari ba abin gani, ba abin ci, sai iska da ƙura da duwatsu. Ranar Jumma'a in an tashi daga biro, in aljihu ya yarda sai ya kama motar Yamai, in bai yarda ba sai ya ja ƙofa ya kwanta har Litinin. Na san ba shi kaɗai ke da wannan magana ba. Ma'aikata da yawa suna ƙirga kwanakinsu a Adar kamar mai jiran sallama daga asibiti. Ƴan kasuwa kuwa, waɗanda ba ƴan ƙasar ba, Tawa a wurinsu tasha ce kawai, inda motar Agadas ke tsayawa a yi salla, a sha ruwa, a wuce.

Tun da an ce gani ya kori ji, sai na ce masa ya zauna inda yake, wannan karon ni zan zo. Sharaɗi guda na gindaya masa: daga safiyar Asabar zuwa la'asar ɗin Lahadi, ba za mu ci komai ba sai abin da ƙasar Adar da makiyayan arewacinta suka samar, kuma ba za mu ci shi ba sai a wurin da mutanen gari ke cinsa.

Tafiyar kanta kun san ta: kilomita wajen 550 ne, ta Doso da Dogonduci da Birnin Ƙonni, sa'an nan a Tsarnawa a saki hanyar Maraɗi a miƙe arewa. Daga nan ƙasa take canza fuska. Ana wuce Badagishiri sai tuddai masu baƙin dutse su fara tare ido, kwaruruka a tsakaninsu, rumbunan ƙasa manya kamar tulunan ƙattai a gefen kowane ƙauye. Kwaltar da ta ci gaba daga Tawa ita ce aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 da kuɗin uraniyom domin ta kai Arlit, kuma duk wanda ya bi ta ya san ta tsufa. Na sauka bayan isha'i, sanyin hunturu yana yanka kunne, ɗan kabu-kabu ya kai ni masauki.

Da safe a masaukin ne sharaɗina ya fara gamuwa da cikas. Ba zan faɗi sunan otal ɗin ba, domin laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Yaron da ke hidima ya kawo mini burodi, da madarar gari ta gwangwani, da ɗan cukun Turai mai kusurwa uku a naɗe cikin takardar azurfa. Na ce masa, samari, a Tawa nake ko a filin jirgin sama na Paris? Ina cukun garinku? Ya yi murmushi ya ce, ranka ya daɗe, manyan baƙi ba su tambayarsa. Na biya kuɗin abin da ban ci ba, na fita. Abokina yana jirana a bakin ƙofa yana dariya, wai ga shi tun ba a je ko'ina ba na fara gane abin da yake faɗi.

Muka bar unguwar ofisoshi, inda tituna suke da faɗi tun gyaran da aka yi wa garin domin bikin 18 ga Disamba na 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola, muka nufi tsohon gari a ƙasa. Wanda yake son ya ga Tawa to ya ajiye mota. Garin ya tashi ne daga ƙauyuka biyu na Azna, Bilbis da Fakuwa, kuma har yau Bilbis unguwa ce mai rai, lunguna ƙanana, katangun jar ƙasa, tsofaffi a kan tabarmi suna shan hantsi. Abokina shekara biyu yana garin bai taɓa taka wurin ba. A wata kusurwa muka tarar da wata dattijuwa da kaskon waina a gabanta, yara sun kewaye ta da kwanoni. Na durƙusa na gaishe ta.

Na ce, Inna, ina kwana, ina sanyi?

Ta ce, lahiya lau ɗana, sanyi lokacinai ne. Baƙi ne ku, daga ina kunka hito?

Na ce ni daga Yamai, shi kuwa wannan a nan yake aiki. Ta dubi abokina sama da ƙasa ta ce ita ba ta taɓa ganinsa ba, kuma ma'aikacin da bai san mai wainar unguwa ba, to albashinsa wani gari yake ci. Abokina ya sunkuyar da kai. Wainar gero ce, ba ta shinkafa ba, mai ɗan tsami, gefenta ya soyu ya yi ƙamas, an barbaɗa mata yaji da ƙuli. Na dala arba'in muka ci mu biyu, wato abin da bai kai kuɗin ruwan kwalba guda a otal ba, muka tashi da ƙyar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan yawo na safe ba gini ba ne. Na lura a lungunan nan mata ne da yara da tsofaffi suka fi yawa. Majiya ƙarfi sun tafi biɗa. Wannan ba sabon abu ba ne a Adar: da an gama girbi, an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, sai samari su ɗaura ƙunshi su nufi Abijan, ko Legas, ko Kamaru, ko Libiya da Aljeriya, ba su dawowa sai hadari ya fara haɗuwa, wasu kuma sai bayan shekaru. Ruwan da ake samu a nan a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, gona ba ta ciyar da gida wata goma sha biyu, dole a nemo cikon a wani wuri. Gidajen siminti masu ƙofar ƙarfe da kake gani tsakanin na ƙasa, yawancinsu kuɗin biɗa ne. Shi ya sa duk abin da ya taɓa bakin teku ko hamada, a tukunyar Tawa ake fara jinsa. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta taɓa su, rikicin Kodibuwar na 2002 da na 2010 zuwa 2011 ya koro wasu da rigar jikinsu kawai, faɗuwar Gaddafi a 2011 ta koro wasu. Matar da ke toya waina, da mai dakan fura, da mai tallan dambu, su ne ke riƙe da gida tsakanin aike da aike. In ka sayi abincinsu ba sadaka ka yi ba, ciniki ka yi, amma cinikin ya faɗa inda ake bukatarsa.

Muka biya ta gaban Lise Agabba, sai na tambayi abokina ko ya san mai sunan. Ya ce wani tsohon minista ne mai yiwuwa. Allah ya jiƙan malaman tarihinmu! Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak ne, shi ya ci Adar da yaƙi a 1674 ya raba ta da ikon Kabi, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Wanda ke son ya bi zaren labarin sai ya nemi aikin da masanin tarihi Djibo Hamani ya yi a kan Adar kafin zuwan Turawa. Jami'ar da aka kafa a Tawa a 2010 sunansa take ɗauke da shi. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya gane cewa cuɗanyar Hausawa da Abzinawa a nan ta girmi zuwan Faransawa da ƙarnuka. Wani lokaci da takobi aka yi ta, wani lokaci da aure, amma mafi yawan lokaci da mudu da ƙwarya aka yi ta a kasuwa. Ba za a fahimci abincin garin ba sai an san haka.

Kafin azahar muka sami mota muka kama hanyar Abalak, za mu Tabalak, kilomita kamar 50 arewa maso gabas. A nan sai in yi wa mai karatu magana ta gaskiya. Arewacin jahar Tawa ba wurin da mutum zai tashi haka kawai ya ce zai je shan iska ba ne. Tun watan Maris na 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a gundumomin Tiliya da Tasara, kuma ba wanda ya manta da ranar 21 ga Maris 2021, da ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a garuruwan yankin Tiliya. Tabalak tana nesa da can, a kan babbar hanya take, motoci suna kai da kawowa. Duk da haka mun tambayi labarin hanya a tasha kafin mu tashi, mun riƙe takardunmu a hannu saboda shingayen jami'an tsaro, kuma mun ƙudura za mu dawo da sauran rana. Haka nake ba kowa shawara.

Bayan tafiya cikin tsandauri da ƙaya, sai ka hango ruwa shimfiɗe a gefen kwalta, dogo, yana ƙyalli, har ka yi zaton kawalwalniya ce. Tabkin Tabalak ke nan. Tun 2005 yana cikin jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu, saboda tsuntsayen da ke sauka a kansa lokacin sanyi, wasu tun daga Turai. Amma ba Turawa masu kallon tsuntsaye ne suka ba shi daraja ba. A baki guda za ka ga masunta suna jan koma, gaba kaɗan masu lambu suna ban ruwan albasa da dankali da rogo a inda ruwa ya janye, can kuma garken raƙuma da shanu sun gangaro sha, Buzu da rawaninsa, Bafillace da sandarsa a wuya. Sana'a uku a kan ruwa guda, kowa yana ganin ɗan'uwansa ya matse shi, amma kowa ya san in ruwan ya ƙafe duka za su tashi.

Kifin a bakin hanya ake soya shi. Mata ne da manyan kasake, karfasa da tarwaɗa, daga ruwa sai wuƙa sai mai. Muka zauna a kan benci aka zubo mana a takarda, da yaji da yankakkiyar albasa. Na ci kifi a gidajen abinci na bakin kogin Kwara a Yamai, inda ake kawo shi da cokali mai yatsu da lissafi mai nauyi, amma ban tuna ranar da na ci wanda ya kai wannan zaƙi ba. Abokina, wanda ya ce ba abin ci a ƙasar, sai da ya nemi ƙari sau biyu. Wani tsohon masunci da ke gyaran raga kusa da mu ya ce mana ruwan ba kamar da ba ne. Kowace damina ƙoramu suna kwaso yashi daga tuddan da aka sare wa itace suna zubawa a ciki, tabkin yana cikewa daga ƙasa, a shekarar da ruwan sama ya yi ƙaranci har ya kan ja baya ƙwarai. Ya ce, Alhaji, yashi ba ya gaggawa, amma ba ya komawa.

Maganarsa ta tuna mini da Kaita, wadda ke gabas da Tawa, inda tun 1984, lokacin farin da jama'a suka yi wa suna El Buhari, aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa da taimakon Italiya da hukumar FAO. Duwatsu aka jera a kan gangara, aka haƙa ramuka a jikin tuddai, aka dasa itatuwa, aka yi madatsai domin ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya kwashe ta. Waɗanda suka ɗauki duwatsun a ka, yawancinsu mata ne, saboda mazan suna biɗa, kuma da abinci aka riƙa biyan su. Wanda ya ga waɗannan tuddai ya san yashi yana da magani. Ba mu sami zuwa Kaita a wannan tafiya ba, kwana biyu ba su isa komai ba.

Mun shigo gari ana kiran magariba. Da dare Tawa ta masu nama ce. A bakin tasha da manyan mahaɗun tituna za ka ga wuta tana ci, mahauta sun jera balangu a kan waya, hayaƙi yana tashi da ƙanshin kitse. A nan ba a tambayar ko naman na yau ne. Ragon da safe yana tsaye a kan ƙafafunsa. Sarkin fawan wurin da muka tsaya ya yanko mana ɗanɗano a bakin wuƙa tun ba mu yi magana ba, kamar yadda al'ada take, muka sayi na jika biyu aka naɗe mana a takarda da albasa mai yawa. Albasar ma abin magana ce. Ita ce jar nan ta Galmi, wadda ake lodinta a manyan motoci zuwa Akara da Abijan da Kwatano, kuma ƴan kasuwar da ke karanta wannan shafi sun fi ni sanin yadda buhunanta suka riƙa ruɓewa a hanya lokacin da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yulin 2023. A bakin wutar mai balangu ba ta da wannan damuwa, daga lambu zuwa baki tafiyar yini guda ce.

Muna ci sai muka jiyo kiɗa daga wata unguwa, samari suna gwada ƙarfi a fili kafin lokacin gasa. Kada a manta a Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobinta, abin da mutanen Adar har yau ba su cika son a tuna musu ba. Garin kuma shi ne gidan gasar mawaƙa ta Ɗan Gurmu, kuma gidan matasa da al'adu yana ɗauke da sunan Albarka Cibau. Wanda ya ce ba abin yi da dare a Tawa, bai tambaya ba ne. Mun tsaya kallo kaɗan, sanyi ya kore mu.

Lahadi ita ce ranar da na zo dominta, domin ita ce ranar kasuwar Tawa. Tun da asuba ake jin shigowar amalanke da jakai da motocin ƙauye daga Kalfu da Barmu da Afala da Bambai da Takanamat. Kafin hantsi ya ɗaga gari ya cika. Mun fara da kasuwar dabbobi, inda dillalai ke riƙe hannun mai saye da na mai sayarwa suna jijjigawa har a ce albarka. Akwai raƙuma, akwai tumaki masu dogayen ƙafafu, akwai jajayen shanun Azawak, waɗanda duk Sahel an san ba saniyar da ta fi su nono. Daga nan muka ratsa rumfunan maƙera da dukawa, masu takubba da zobban azurfa da jakunkunan fata masu tuntaye, muka wuce masu kanwa da gishirin Bilma da dabino, muka wuce masu hatsi da wake. Harsuna uku kake ji a lokaci guda, Hausa da Buzanci da Fillanci, amma ciniki da Hausa ake ƙulla shi.

Sa'an nan muka iso wurin masu cuku, kuma a nan zan daɗe, mai karatu ya yi mini haƙuri.

Mata ne zaune a jere, kowace da tarin cuku a gabanta kamar an jera takardu. Ga wanda bai san shi ba, cuku faifai ne na madara, sirara, mai kusurwa huɗu, launinsa tsakanin fari da rawaya, a jikinsa akwai zanen layi-layi. Yadda ake yinsa ba wuya a faɗa, wuyar a hannu take. Da an tatso madara tun tana da ɗuminta sai a ɗiga mata ruwan da aka jiƙa tumbin ɗan akuya ko ɗan tunkiya mai shan nono. Shi ke sa ta daskare. Sai a kwashe a shimfiɗa a kan ƴar tabarmar tsiwa, a danna da tafin hannu har ruwan ya tsane, a shanya a inuwa mai iska ko a kan rumfa. Zanen da ke jikinsa sawun tabarmar ne. Ba gishiri, ba wuta, ba firiji. Makiyayin da ke kwana uku tsakaninsa da kasuwa ba shi da hanyar kawo madara ɗanya, to ga dabarar da kakanninsa suka samo: a mai da nonon damina abin da zai yi watanni a cikin jaka. Sabo yana da laushi, ana cinsa haka nan ko a ɗan gasa shi a kan garwashi a sha da shayi. Busasshe kuwa sai an daka shi, a zuba a fura, ita ce furar da in ka sha da hantsi ba ka neman komai sai dare.

Na tsuguna gaban wata mai cuku, Buzuwa, ta manyanta, baƙin mayafi a kanta. Hausarta ta fi tawa daɗi. Na ɗauki ɗaya na ɗaga shi sama ina dubawa kamar na san abin da nake yi, ta yi dariya ta ce ba haka ake yi ba. Ta karɓa ta karya gefe ta ba ni, ta ce in bar shi a kan harshe. Na saniya daban, na akuya daban, wanda aka gauraya daban. Na akuya ya fi fari da ƙarfin ƙanshi, na saniya ya fi maiƙo. Ta kuma gargaɗe ni da wanda ake yi da madarar gari ta kanti, wanda ya fara shigowa kasuwa: kyau a ido, amma a baki kamar ka tauna kwali. Na tambaye ta me ya sa ya yi tsada haka, alhali a da ana ba yaro shi kyauta. Ta ce, ɗan'uwana, cuku ba a kasuwa ake yin tsadarsa ba, a daji ake yinta. In ciyawa ta yi, saniya ta ƙoshi, cuku ya yi arha. In makiyaya ta ƙone, ko gona ta cinye burtali, ko tsoro ya hana mu zuwa rijiyar da muka saba, to nonon da za a ba maraƙi ma bai isa ba, balle a shanya.

Ban taɓa jin an taƙaita matsalar arewacin Adar kamar yadda matar nan ta yi ba, kuma na zauna tarurruka da yawa a ɗakuna masu sanyi inda aka kwana ana maimaita ta da Faransanci. Tun 26 ga Mayu 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, wadda ta ratsa wannan jaha, aka ce daga nan zuwa sama ƙasar kiwo ce. An yi kundin dokokin karkara a 1993, an ƙara dokar kiwo a 2010. A takarda ba abin da ya rage. A ƙasa kuwa jama'a ta ƙaru, gonaki sun haura iyakar tun da daɗewa, masu kuɗi daga birane sun kewaye makiyaya da waya, ga kuma rashin tsaro da satar dabbobi a yamma. Manomin da ya haura ba mugu ba ne, yunwa ta tura shi. Amma kowace kadada da aka nome a can, faifan cuku ne ya ragu a nan. A 2023 hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a Afirka ta ba Nijar takardun shaida a kan kilishi da albasar Galmi da cuku da fatar jar akuyar Maraɗi. Abin farin ciki ne, na kuwa yi murna. Sai dai takarda tana kare suna ne, ba ta tatsar saniya.

A nan nake da magana da ƴan kasuwarmu, musamman Adarawa, waɗanda ba wanda ya fi su sanin hanyar kuɗi daga Katako har Abijan. Kuna cika shagunanku da madarar gwangwani da cukun Turai, kuna biyan kuɗin jirgin ruwa da na duwan, alhali abin da ya fi shi yana zube a kan tabarma a garinku, ba mai naɗe shi cikin leda mai tsabta, ba mai kai shi kantunan Yamai da sunan wadda ta yi shi. Masu otal kuma, in baƙo bai tambayi cuku ba, ai don ba ku ajiye masa a kan tebur ba ne. Mu ma'aikata ma muna da namu kason. In an zo taro Tawa, a kan rufe mu a zaure guda kwana uku, a kawo mana shinkafar waje da kajin da suka yi wata shida a ƙanƙara, a raba kuɗin zama, mu hau mota mu koma, mu ce mun je Adar.

Kafin mu bar kasuwa muka zauna a rumfar wata mai fura, aka dama mana da nonon shanu da dakakken cuku da ɗan dabino, a ƙwarya, da ludayin duma. Kusa da mu wani tsoho ya ɗora butar shayi a kan ɗan murhun waya, ya miƙo mana kofin farko ba tare da ya tambayi ko mu su wane ne ba. Muka sha uku kamar yadda ake yi, kowane ya fi na bayansa ɗaci. Abokina ya yi shiru tun daga wurin mai cuku. Can sai ya ce mini shi fa duk Lahadi yana jin hayaniyar nan daga ɗakinsa, yana ɗaukar ta abin da ke hana shi barci.

Motata ta la'asar ce. Na sayi cuku ashirin na kai gida, da buhun albasa ƙarami wanda ɗan kamasho ya caje ni kuɗinsa kamar mutum. Abokina ya rako ni tasha, shi ma da ƙunshin cukunsa a hannu, yana tambayata ko na san wanda zai nuna masa hanyar Kaita. Na ce ya koma wurin Inna mai waina ya gabatar da kansa tukuna, ita za ta haɗa shi da jikanta mai kabu-kabu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.